Ka Bar Windows, Ina Za Ka Yi Rubutu?



A ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da ya saba ba Windows 10. Tsofaffin kwamfutoci da dama, irin waɗanda ake saya na hannu, ba su cika sharuɗɗan hawa Windows 11 ba, alhali lafiyarsu ƙalau. Shi ya sa wasu suka ɗora musu Linux, babbar manhajar da ake samu kyauta. Sai dai wanda ya yi wannan ƙaura, kafin ya gama murna yakan tsaya cik a kan wani abu da bai taɓa ɗauka da muhimmanci ba: 'yar manhajar da yake buɗewa ya rubuta zallan rubutu, ko lambar waya ce, ko jerin bashi, ko umarnin da masu ƙirƙirar manhaja ke rubutawa.

Wanda ya fi jin wannan rashi shi ne mai amfani da Notepad++. Don Ho ne ya fitar da ita a 2003, kuma ya gina ta kai tsaye a kan kayan cikin Windows, don haka babu ta a Linux, babu ta a Mac. Ana iya tayar da ita a Linux ta hanyar wata manhaja mai suna Wine, kuma tana aiki, amma ni ba nan zan fara tura mutum ba. Abin da yake kewa yana cikin yatsunsa ne. Ya yi shekara da shekaru yana danna Ctrl da D layi ya ninku biyu, yana riƙe Alt ya ja linzami ya zaɓi rubutu a tsaye, yana rufe manhajar ba tare da ya adana ba gobe ya tarar da komai yadda ya bari. Yanzu ya zama kamar macen da ta shiga madafar gidan wasu, girki ta iya shi, ludayi ne ba ta san inda aka rataye ba.

To, ɗan'uwa, kafin ka shiga neman sunan wata manhaja, zauna ka rubuta abubuwa uku ko huɗu da hannunka ke yi kullum, da su za ka auna kowace manhaja. Ka fara gwada Geany. Injin da ke cikinta, mai suna Scintilla, shi ne dai wanda ke cikin Notepad++, kuma a can ma Ctrl da D na ninka layi. Akwai Kate, mai ƙarfi sosai, sai dai maɓallanta sun ɗan bambanta, amma tana barin ka sauya su yadda ka saba, kuma rabin sa'ar da za ka ɓata kana saita su ba asara ba ce. Wanda Notepad ta asali ta Windows ta ishe shi bai da wahala: a cikin nau'ukan Linux, Linux Mint na zuwa da Xed, Ubuntu na zuwa da tata. Idan kuma aikinka na kai ka daga wannan kwamfuta zuwa waccan, VS Code da Microsoft ya fitar a 2015 tana nan a Windows da Linux da Mac, ko da yake tana yi wa tsohuwar kwamfuta nauyi.

Akwai inda sabon shiga ke maƙalewa, gara in faɗa maka tun yanzu. Wata rana wani umarni zai buɗe maka fayil a cikin wata manhaja mai suna Vim, a baƙin allon da ake rubuta umarni, ka danna haruffa su ƙi fitowa, ka nemi hanyar fita ka rasa. Kada hankalinka ya tashi. Danna Esc, sai ɗigo biyu na tsaye, sai q, sai alamar motsin rai, sai Enter, ka fita ba ka ɓata komai ba. Bram Moolenaar, mutumin ƙasar Holan, shi ya fitar da Vim a 1991, ya ci gaba da kula da ita har rasuwarsa a 2023, yana kuma roƙon masu amfani da ita su taimaki yara marasa galihu a Yuganda. Manhaja ce ta ƙwararru, ta cancanci a koye ta, amma ba a ranar farko ba. A ranar farko manhajar nano ta fi, domin umarninta na rubuce a ƙasan allo.

Wanda ya koma Mac kuwa, ya sani manhajarta TextEdit na fara rubutu da ado irin na wasiƙa, sai ya danna Shift da Command da T ta koma zallan rubutu.

Sai abin da ya shafe mu kai tsaye, mu masu rubutun Hausa. Haruffanmu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, ba su cikin tsohon tsarin da Notepad ta daɗe tana adana fayil da shi. Sai a 2019 ta mayar da UTF-8, tsarin da ke ɗaukar haruffan, ya zama shi take amfani da shi idan ba a zaɓi wani ba. Fayil ɗin da aka adana da tsohon tsarin, ƙugiyoyinsa sun riga sun lalace tun ranar, sau da yawa alamar tambaya ce ta maye gurbinsu, kuma babu sabuwar manhajar da za ta dawo da su. Kada ka ɗora wa Linux laifin. Duk manhajar da za ka zauna da ita, ka rubuta ƙasa da ɗaki da ɓarawo, ka adana, ka rufe, ka sake buɗewa, sannan ka tura fayil ɗin zuwa wayarka ka duba. Idan ƙugiyoyin sun iso lafiya, sai ka fara kwaso sauran rubuce-rubucenka.