Ko Kun Sani?

A zaɓen shugaban ƙasar Nijar na 27 ga Disamba 2020, sai ɗan takara ya ajiye sefa miliyan 25 a baitulmali kafin a duba takardunsa. Duk da haka mutum 30 Kotun Tsarin Mulki ta amince su tsaya.

Ajiyar nan somin-taɓi ce idan aka zo yaƙin neman zaɓe a Agadez. Jihar ta cinye fiye da rabin faɗin ƙasar, masu zaɓenta kuwa kaɗan ne, a warwatse daga Arlit da Iferwan har Bilma. Mai son ƙuri'ar Bilma sai ya ratsa hamadar Tenere da motoci masu jure rairayi, da gangunan mai, da jarkokin ruwa, da ɗan jagora wanda ya san rijiyoyi. Ɗan takara talaka ina zai samo wannan?

Ta ɓangaren tallafin gwamnati kuwa, dokar jam'iyyu ta 2010 ta ware wa jam'iyyun kashi 0.30 cikin 100 na harajin da gwamnati ke tarawa kowace shekara, da sharaɗin su kai lissafinsu gaban kotun binciken kuɗin ƙasa. A Maris 2025 gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta rusa jam'iyyun baki ɗaya.