Daga ina kalmar "alkaki" ta samo asali?

A Sanyinna da ke ƙaramar hukumar Tambuwal, kamar sauran garuruwan kudancin jihar Sakkwato har zuwa Kebbe, da wuya a kai garar amarya babu alkaki. Duk da haka, sunan nasa baƙo ne a bakin Bahaushe.

Kalmar ta fito ne daga Larabci, inda "ka'ak" ke nufin wani ɗan abin maƙulashe na fulawa, wanda har gobe Misirawa ke yi da ƙaramar salla. Da Bahaushe ya aro ta, sai ya haɗa da "al" da Larabawa ke sa wa suna a farko, ya kuma ƙara wasali a ƙarshe. Da irin wannan "al" ɗin albasa da allura suka shigo, har ma da alkamar da ake yin alkakin da ita.

Da sunan ya zauna, ma'anarsa ta sauya. Na Masar gasawa ake yi, na Hausa kuwa soyawa, sannan a tsoma shi cikin zuma ko narkakken sukari. Shi ya sa yake daɗewa bai lalace ba, amarya ta yi ta fita kunyar baƙi da shi.