Baƙin Arlit na jiya, baƙin Cibarakaten na yau

Duk wanda ya zauna Arlit a shekarun da kasuwar iraniyom take ci ya san abin da akan gani ranar asabar da sassafe a bakin unguwar manyan ma'aikata. Motoci ne kat-kat a jere, an ɗaure musu jarkokin ruwa da na mai, da igiyoyi da barguna, ga Buzu ɗan jagora zaune kusa da direba. Annasara ne, injiniyoyi da likitoci da malaman lakwal, za su Azbin shan iska da hawan duwatsu. Abin yakan ɗaure wa mutanen gari kai: mutum ya yi mako yana fama da dutse a wurin aiki, ranar hutu kuma ya tashi neman wani dutsen!

Masu karatu za su tuna cewa iraniyom ne ya haifi garin. An kafa kamfanin SOMAIR a 1968, ya soma fitar da ƙarfen a 1971. COMINAK ya biyo baya a 1974, aka gina masa garin Akokan, ya soma aiki a 1978 cikin ramin da ya kai zurfin mita 250. Domin baƙin da aka ɗauko daga Faransa su jure zaman hamada, sai aka yi musu gidaje masu sanyi, da kanti mai kayan ƙasarsu, da wurin ninƙaya, da asibiti. Bayan shinge kuwa ga talakawa daga Tawa da Maraɗi da Damagaram, masu jiran aikin lebura, cikin bukkoki.

Tafiyar takan yi daɗi ne lokacin ɗari, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Masu ɗan gajeren hutu sukan nufi Iferwan, su kafa zango a gindin dutsen Tamgak, su bi kwazazzabai da ƙafa. Masu kwanaki a hannu sukan kai Timiya, inda ruwa yake zubowa daga kan dutse, ga garake na lemo da rumman da dabino, su biya ta kufan Asode. Masu ƙarfin gwiwa su ne suke hawan Bagzan, wanda ƙololuwarsa ta kai mita 2022, babu wadda ta fi ta tsawo a Nijar; mota takan tsaya ƙasa, jakuna su ɗauki kaya. A hanyar Agadas kuma akwai Dabus, wurin da mutanen dauri suka zana raƙumin dawa a jikin dutse, tsawonsa ya haura mita 5.

Da dare ake gane wane ne mai gida, wane ne baƙo. Ɗan jagora ya kwaɓa gari, ya share garwashi gefe, ya binne ƙullin cikin yashi mai zafi, ya rufe da toka. In tagella ta nuna sai ya tono ta, ya kakkaɓe, ya gutsuttsura cikin miya. Ga cuku, ga dabino, wani lokaci ga rago da aka saya wurin makiyaya aka gasa, sa'an nan shayi har zubi uku. Injiniyan da ɗaruruwan mutane suke ƙarƙashinsa ranar litinin, a nan sai ya zauna ya jira a nuna masa inda rijiya take. A ganina nan ne kaɗai baƙo da ɗan ƙasa suka ci daga akushi guda. Abin takaici shi ne, leburan da ya shekara goma a Arlit sau da yawa bai taɓa ganin Timiya ba, ba shi da mota, ba shi da hali.

Wannan yawo ya ciyar da gidaje masu yawa: direbobi, masu raƙuma, maƙeran azurfa, masu garake. A 1988 gwamnati ta keɓe yankin Azbin da Tenere, UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1991. Amma tawayen farkon shekarun 1990 ya rufe hanyoyi, na 2007 ya ƙara. Daren 16 ga Satumba 2010 aka sace mutum 7 cikin Arlit, Faransawa 5 da ɗan Togo da ɗan Madagaska, huɗun ƙarshe ba su kuɓuta ba sai Oktoba 2013. Daga nan yawon asabar ya mutu. COMINAK ya rufe ranar 31 ga Maris 2021, gwamnati kuma ta karɓe SOMAIR daga hannun Orano a 2025.

Baƙi dai ba su ƙare a arewa ba, iri ne ya sake. A 2014 aka gano zinariya a Jado, sai kuma a Cibarakaten, can arewa maso gabas da Arlit, dab da iyakar Aljeriya. Dubban samari suka kwarara, daga kudancin Nijar, da Najeriya, da Cadi, da Sudan. Da aka rufe Jado a 2017, wasu suka ƙara tararwa can. Zinariyar Cibarakaten cikin dutse take, sai an haƙa rijiya an bi jijiyarta. Igiyar da Annasara ya ɗaura a ƙugu don ya hau sama ya ga ƙasa, ita ce yaron Tasawa yake ɗaurawa a zura shi rami, ya fasa dutse, a jawo buhu. Rami yakan rufta, ƙura takan ci huhu, ruwan sha kuwa da manyan motoci ake kawo shi daga nesa a sayar, da itacen girki da shinkafa da taliya duka. Asabar da litinin ɗaya suke a wurin.

Sanin hanya da ƴan jagoran jiya suka gada bai ɓata ba: da shi ake kai fasinja da ruwa da buhunan dutse tsakanin Arlit da ramuka. A kan hanya har yanzu akan tsaya da almuru a binne tagella cikin yashi, sai dai masu jiranta ba su ɗaukar hoto; sukan ci da sauri su hau mota, don a ci tafiya kafin rana ta fito.