Annobar Citta a Kudancin Kaduna: Abin da Manoman Alkama Suka Riga Suka Gano

KAFANCAN — A daminar 2023 ne wata cuta da hukumomi suka danganta da fumfuna ta afka wa gonakin citta a kudancin Jihar Kaduna, inda ganye ya riƙa yin rawaya yana bushewa, saiwar kuma tana ruɓewa a cikin ƙasa tun kaka ba ta yi ba. Ƙananan hukumomin Kaciya da Jaba da Kagarko da Jama'a na cikin waɗanda abin ya fi shafa, kuma Ma'aikatar Gona ta Tarayya ta ƙiyasta asarar da fiye da Naira biliyan 12. A 2024 gwamnati ta ware Naira biliyan 1.6 domin tallafa wa manoman.

Abin da ya ɗaure wa fatake kai shi ne yadda wata gona ta ƙone ƙurmus, wata kuma ta sha da ƙyar. Yanayin ƙasa da kwanciyar ruwa da asalin irin da aka shuka duk suna da hannu a ciki. Sai dai akwai wani dalili da masu binciken alkama suka daɗe da tabbatarwa, wato ƙwayoyin cuta masu suna ɗaya ba ƙarfinsu ɗaya ba.

Cutar ƙunar zangarniyar alkama, wadda fumfunar Fusariyom ke haddasawa idan aka samu laima lokacin fure, ta jawo asarar kimanin dala biliyan 1 a arewacin Amurka a 1993. Da aka riƙa ɗebo ƙwayoyin daga gonaki daban-daban ana gwada su a kan iri guda, sai aka ga wasu na tsayawa inda suka shiga, wasu kuma su cinye zangarniyar baki ɗaya, galibi waɗanda suka fi fitar da dafin da ake kira DON. A yammacin Kanada, wani nau'i mai yawan dafi ya ninka fiye da sau 14 tsakanin 1998 da 2004. Ma'ana, irin da ya jure bara ba lallai ya jure baɗi ba. Alkamar Kadawa da Haɗejiya dai tana samun sauƙi, domin a bushewar hunturu take fure.

Citta ba ta da wannan gata. A damina ake nomanta, kuma akwai dangin Fusariyom da aka san yana ruɓar da ita a Indiya da Ostareliya. Bugu da ƙari, da gutsuren saiwa ake shuka ta, saboda haka cuta na bin iri daga kasuwa zuwa gona, kuma kusan duk yankin ya dogara ne ga iri biyu kacal, Tafin Giwa da Yatsun Biri. Wanda ya zuba jarinsa duka a haja ɗaya ya san irin wannan kasada.

Ga ɗan kasuwar da ke ba manoma bashi a kan amfanin gona, tallafin kuɗi da maganin feshi ba su wadatar ba. Ya kamata ya tambayi inda aka sayo iri, da shekarar da aka yi wa gonar noman citta na ƙarshe, domin fumfunar kan jima a cikin ƙasa. Duk sabon irin da Cibiyar Binciken Amfanin Gona Masu Saiwa ta Umudike za ta fitar kuma, a nemi sanin ko an gwada shi da ƙwayoyin da aka ɗebo daga Kaciya da Kwoi da Kafancan, kowanne daban.