Gubar Da Muke Kira Magani, Ciwon Da Muke Kira Tsufa

Masu iya magana kan ce suna linzami ne. Duk abin da al'umma ta raɗa wa suna mai taushi, ta rage wa 'ya'yanta tsoronsa ke nan. A matsayina na malamin kimiyyar harshe, na jima ina nazarin wasu kalmomi biyu da muke furtawa ba tare da mun auna nauyinsu ba.

Ta farko ita ce "magani". Ruwan da manomi ke fesa wa gona maganin ƙwari ne, wanda ake zuba wa wake a rumbu shi ma magani ne, alhali kuwa dukkansu guba ce da aka harhaɗa domin kisa. Ta biyu ita ce "gigin tsufa". Dattijo ya manta sunan ɗansa, ya ɓace a unguwar da aka haife shi, sai mu ce ai tsufa ne. Likitoci kuwa sun tabbatar ciwon ƙwaƙwalwa ne, kuma mafi yawansa cutar Alzaima ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa masu fama da shi sun haura miliyan 55, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin tattalin arziki. Bincike ya fara nuna cewa akwai zare tsakanin waɗannan kalmomi biyu.

Ga yadda abin yake. Jijiyoyin ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo ta hanyar wani sinadari mai suna asitilkolin, kuma da zarar saƙo ya isa sai wani sinadarin ya share wurin domin na gaba ya shigo. Gubar da ake kira oganofosfet, wadda fiya-fiya da Sniper ke cikin danginta, wannan mai sharar take ɗaurewa. Saƙo ya cunkushe, ƙwaro ya yi ta shure-shure har ya mutu. To ai tsarin nan iri ɗaya ne a jikin ƙwaro da na ɗan Adam. Mai yawa takan kawo dalalar yawu da sarƙewar numfashi nan take. Abin da masana ke fargaba shi ne kaɗan-kaɗan ɗin da ke shiga ta fata da hanci shekara da shekaru, musamman da yake jijiyoyin da ke amfani da asitilkolin suna cikin waɗanda cutar Alzaima ke fara lalatawa.

A shekarar 2010 aka wallafa wani bincike da aka gudanar a jihar Yuta ta Amurka kan tsofaffi fiye da 3,000. An gano cewa waɗanda suka yi aiki da gubar ƙwari sun fi sauran haɗarin kamuwa da ciwon mantuwa da kusan kashi 38 cikin 100. A 2014 wasu masanan suka auna jinin masu Alzaima, suka tarar da ragowar gubar DDT ta ninka ta masu lafiya kusan sau 4, duk da cewa Amurka ta haramta DDT tun 1972. Ita kuwa Faransa, tun 2012 ta sanya cutar Fakinsin, mai sa karkarwar jiki, cikin jerin cututtukan da ake biyan manoma diyya saboda aikin feshi. Wannan ba ya nufin duk mai feshi zai kamu. Shekaru da gado da hawan jini duk suna da nasu hannun. Amma bambancin shi ne, shekaru ba su da makawa, guba kuwa ana iya kauce mata.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan labarin Turai ne kawai. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan sinadarin fiya-fiya da aka samu a cikinsa. Waken da Bature ya ƙi, wa ya ci? Mu duba yaron da ke saɓe da tankin feshi a fadama, ba takalmi ba takunkumi, yana dama ruwan da hannunsa. Mu duba uwar da ke yayyafa fiya-fiya a ɗaki saboda sauro, ta rufe ƙofa yara na barci. Kai har galan ɗin da ya ƙare akan wanke a zuba man gyaɗa.

Gyara bai fi ƙarfinmu ba. Akwai buhu mai ninki uku na PICS da ke adana wake ba tare da ɗigon guba ba, akwai gidan sauro maimakon fiya-fiya. Wajibi ne hukumomi su tilasta rubuta gargaɗi a jikin kwalba da Hausa, da boko da ajami, domin gargaɗin da manomi bai iya karantawa ba ado ne kawai. Mu kuma malamai da 'yan jarida, mu fara da harshenmu: mu ce gubar ƙwari, mu ce ciwon mantuwa. Uwar da ta ji an ce guba za ta yi tunani kafin ta fesa a ɗakin 'ya'yanta, ɗan da ya ji an ce ciwo zai kai mahaifinsa asibiti. Rigakafi dai, in ji Hausawa, ya fi magani.