Yadda Ake Sayar da Tsohuwar Mota

Wanda duk ya bi hanyar Sakkwato zuwa Jega, ya ratsa Boɗinga da Shagari, ya kan ga tsofaffin motoci a ƙofar gida ko a gindin itace. Tayoyi sun sace, ƙura ta rufe gilashi, kaji suna ƙwai a ciki. Masu su kan ce, "Ai wannan ta mutu." To, ba kowace ce ta mutu ba. Wata dukiya ce, in an san yadda za a sayar da ita.

Da yawa cikinsu Fijo ne. A Faransa aka fara ƙera Fijo 404 cikin 1960, aka fara 504 cikin 1968. Cikin 1975 kamfanin Peugeot ya soma harhaɗa motoci a Kaduna. Faransa ta bar yin 504 cikin 1983, amma Kaduna ta ci gaba har fiye da shekara 20 bayan haka. Akwai kuma wata babbar Marsandi da ta fito cikin 1979, shekarar da Alhaji Shehu Shagari ya zama Shugaban Ƙasa, har mutanen Nijeriya suka laƙaba mata sunansa. Duk waɗannan an daina yinsu. Abin da aka daina yi kuwa, kullum raguwa yake.

Masu sayen irin wannan mota iri uku ne. Na farko 'yan gwangwan. Su ƙarfe suke so, a kan sikeli suke saye, ba ruwansu da sunan mota. Na biyu masu sayar da kayan gyara, su kwance ta su sayar ɗai ɗai. Na uku mai sha'awa, wanda zai gyara ta ta koma kamar sabuwa. Shi ne ya kan fi biya, amma ba ya zuwa da wuri. Ɗan gwangwan kuwa gobe da safe yana ƙofar gida.

Mu mutanen ƙasar Sakkwato muna da sa'a guda. Ƙasarmu busasshiya ce, tsatsa ba ta cin mota kamar yadda take ci a Ikko, bakin teku. Rana ta kan fasa fenti da roba, ɓera ya ci waya, amma waɗannan duka ana sake su. Ƙarfen ƙarƙashi in ya ruɓe, shi ne babban aiki. Saboda haka ka durƙusa ka duba ƙarƙashin motarka. In lafiya yake, kana da abin faɗa wa mai saye.

Kada ka yi garajen tayar da injin da ya shekara biyar a kwance. Fetur ɗin tanki ya lalace, baƙin mai ya tsiyaye ƙasa, ƙarfe zai goge ƙarfe. Kirawo bakanike. Shi zai cire fulogi, ya ɗiga mai, ya juya injin da hannu. In ya juya, kuɗin mota ya ƙaru. Kada kuma ka ci bashi don ka yi mata fenti. Mai sha'awa ya fi son ya ga mota yadda take, gama sabon fenti ya kan ɓoye ciwo. Wanke ta kawai. Kuma a hana yara ɓalle zakin Fijo ko tauraron Marsandi, don na asali ya fi na kasuwa daraja.

In motar gado ce, ba ta mutum ɗaya ba ce. Ta dukan magada ce, maza da mata, har jariri. Babban wa ba shi da ikon sayarwa shi kaɗai, ko da shi ke riƙe da makulli. A tara magada su yarda, in da maraya ƙarami a sa waliyyinsa. Gidaje nawa suka rabu a kan abin da bai kai kuɗin mota ba!

Ran ciniki faɗi aibinta duka. In giya ba ta shiga, faɗi. In ta taɓa faɗuwa, faɗi. Shari'a ta ba mai saye ikon mayar da kaya in ya sami aibin da aka ɓoye masa, ga kuma alhaki. Kada ka sallama a tayin farko, ka ce albarka, ka ji ta bakin mutum biyu ko uku. In da dillali, a yanke la'adarsa tun kafin a soma.

Saura takarda, nan ne karatunku zai yi amfani. Kowace mota tana da lambar shasi da lambar inji, an buga su a jikin ƙarfe. Ka karanta su da kanka, ka gwada da na cikin takardun mota. Bayan ciniki mai saye ya tafi ofishin lasin a juya suna. In ba a juya ba, ran da aka yi ɓarna da motar, gidanka 'yan sanda za su fara zuwa. Kada ka dangwala yatsa a takardar da ba ka karanta ba. Kada mota ta bar ƙofar gida sai kuɗi sun cika, an ƙirga gaban shaidu. A rubuta takarda biyu, kowa ya riƙe ɗaya. Ga yadda ake rubutawa, ku kwafa a littattafanku:

"Ni wane, ɗan wane, na garin Shagari, na sayar wa wane motata Fijo 504, mai lamba kaza, lambar shasi kaza, lambar inji kaza, a kan Naira kaza. Na karɓi kuɗina duka. Ya gan ta, ya san ba ta tashi, ya yarda. Shaidu su ne wane da wane. An rubuta ran kaza ga watan kaza."