Matasan Jiratawa su ma suna da baki a zancen lafiya

A Jiratawa, cikin gundumar Madarunfa, ruwan noman rani yana ba mu zogale da kayan lambu. Amma inda ruwa ya kwanta, nan sauro ke hayayyafa, ya kawo masassara.

Wa ke yashe magudanan ruwa? Samari. Wa ke ɗaukar maras lafiya kan babur zuwa Maradi cikin dare? Samari. Ƴan mata kuwa su ke goyon ƙannensu zuwa awo da rigakafi. Duk da haka, in an zauna shawara, sau da yawa dattawa kaɗai muke kira.

A shekarar 1987, a Bamako, ministocin lafiya na Afirka suka amince jama'a su sa hannu cikin tafiyar da gidajen likita. Shi ya sa muke da kwamitin lafiya, mai lura da magani da kuɗin da ke shiga. Matasa ma jama'a ne.

Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Ranar zaɓen kwamiti, iyaye mu keɓe kujera biyu: ɗaya ta saurayi, ɗaya ta budurwa. Mu saurare su kafin damina ta faɗi.